Wata takwas ban ci tuwo ba, sai jikina ya rage wuta

'Yar'uwa, mai kitsona ce ta fara lura. Tana cikin taje min kai sai ta tsaya, ta nuna min matajin cike da gashi, ta ce, "Anti, lafiya kuwa?"

Bayan na yaye ɗana na uku ne na shiga tsarin cin abincin da ake kira keto, inda ake rage abinci mai sitaci da sukari zuwa ƙasa da giram 50 a rana. Tuwo, shinkafa, doya, burodi, har kokon safe, duk na yi sallama da su. Teɓa ta tafi, ɗinkunan lefena suka koma yi min daidai. Amma da na kai wata takwas, sai ga ni da rigar sanyi a zafin Afrilu, ga kasala, ga taurin bayan gida, al'adata kuma ta rikice. Ni da nake aikin jinya, sai na ɗora laifin kan aikin dare.

A gaban wuyanki akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, ana kiranta tayirod. Ita ce idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Tana fitar da sinadarin T4, sai hanta da wasu gaɓoɓi su mayar da shi T3, wanda ke hura wutar jiki. Idan sitaci ya yi ƙaranci na tsawon lokaci, ko abincin gaba ɗaya ya gaza, jiki kan rage T3, kamar yadda uwargida ke janye itace daga murhu idan ta ga ya kusa ƙarewa.

Gwajin jinina ya nuna haka: TSH lafiya lau, T3 ya sauka. Likita ta ce tayirod ɗin bai lalace ba, tattali jikin yake yi. Na dawo da wake, gero, acca da dankalin Hausa sannu a hankali, na kuma tabbatar gishirina mai aidin ne. Cikin 'yan watanni na ajiye rigar sanyin.

Ba kowace mace hakan ke samu ba. Amma idan kina da ciki, kina shayarwa, ko kina shan maganin tayirod, kada ki fara keto sai da shawarar likita. Idan kuma kin fara, kika ga waɗannan alamu, ki je a gwada jininki, domin ƙarancin jini ma kan zo da irinsu. Kada ki yi wata takwas irina kina cewa gajiya ce.