Bidon Ruwa-Ruwa a Bangon Wida

A farkon shekarar 2014, hunturu na kaɗawa, kawuna ya ce in raka shi Kwatano sayen mota. Shi ya iya ciniki, ni kuma na yi lakwal, takardun tashar jirgin ruwa kuwa sai da mai jin Faransanci. Daga Matameye muka fita Takeita, muka kama babbar hanya ta Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi har Doso, sannan muka gangara Gaya, muka haye gadar kogin Kwara zuwa Malanbil ta ƙasar Benin. Daga nan sai kudu: Kandi, Paraku, Bohikon. Karan gero ya ɓace, auduga ta karɓa, doya ta biyo, can kusa da teku sai kwakwar manja. Abu ɗaya ne bai rabu da bakin titi ba tun daga ƙofar gidanmu: teburin mai fetur, wanda muke kira ruwa-ruwa, da kwalabensa jere a rana.

A unguwar Zango muka sauka, inda Hausa ke biya wa baƙo kowace buƙata. An sami mota, an yi ciniki, saura takardu, su kuwa ba a yi musu gaggawa. Mai masaukinmu ya ga zaman ya ishe mu, ya ce mu leƙa Wida, tafiyar kilomita arba'in yamma da Kwatano.

Wida gari ne mai nauyin tarihi. Mun bi hanyar da aka riƙa kora bayi zuwa bakin teku, har inda aka gina Ƙofar Ba Dawowa a 1995. Cikin waɗanda aka loda a gaɓar nan akwai Hausawa, waɗanda suka ƙare a Bahiya ta ƙasar Barazil, suka kuma yi ta tayar wa masu gonakin rake ƙayar baya. Bayan boren Musulmi na 1835 a birnin Salbado an koro wasu zuwa wannan gaɓa, wasu suka dawo da kansu, suka zo da salon ginin can. Wani bene mai irin wannan salo, da ake kira Villa Ajavon, an gina shi a 1922. Shi ne Gidauniyar Zinsou ta gyara, ta buɗe a watan Nuwamban 2013 a matsayin gidan nuna ayyukan masu fasahar Afirka na wannan zamani.

Ba a biyan ko dala a ƙofa. Kawu ya dube ni ya ce, "Malam, abin da ba a biya, me za a gani a ciki?" Ni ma abin da na sani shi ne gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai: ƙasusuwan manyan dabbobin da, tufafin gargajiya, kayan da zamaninsu ya wuce. Nan kuwa babu abin da ya girmi kawu. Wani saurayi ma'aikacin gidan ya ja mu, yana bayani, ina fassara wa kawu.

Muna shiga wani ɗaki kawu ya tsaya cak, sannan ya fashe da dariya. "Kai! Wannan ai bidon ruwa-ruwa ne!" Gaskiyarsa. An yanko saman bidon roba an rataye a farin bango. Mariƙin ya zama hanci, bakin zuba mai ya zama baki a buɗe, an ƙara masa 'yan tarkace a matsayin gashi. Robar ta koɗe, ta sha gogayya da datti, ba a wanke ta ba, ba a yi mata fenti ba. Amma ka duba sau ɗaya, ba za ka sake iya ganin bido kawai ba. Fuska ce, mai kama da wanda ya gaji yana son yin magana.

Saurayin ya ce aikin Romuald Hazoumè ne, mutumin Porto-Novo, haifaffen 1962. Garinsu dab yake da iyakar Najeriya, kuma daga can ake shigo da fetur ta ɓarauniyar hanya, wanda suke kira kpayo. Ya fara kwatanta mana yadda ake ɗaure bidoji a jikin babur har mai tuƙi ya nutse a tsakiyarsu, da yadda ake gasa roba ta kumbura don ta ƙara cin mai. Ban ƙarasa fassara ba kawu ya karɓe zancen. Ya ba shi labarin samarinmu da ke tsallakawa ta Ɗan Barto da Kwangwalam su loda mai a wajen Mai'aduwa, su biyo burtali da dare ba fitila don gudun 'yan duwan. Ya ce ko da aka buɗe matatar SORAZ a Damagaram a 2011, man Najeriya ya fi sauƙi saboda tallafin gwamnatinsu, don haka ba a fasa ba. Ya kawo zancen ɗan maƙwabcinmu da wuta ta kama da kayansa a hanya. Nan dariya ta ƙare. Mai yi mana bayani ya koma mai saurare, ni kuma na koma fassara daga Hausa zuwa Faransanci.

Daga bisani saurayin ya gaya mana cewa Hazoumè ya taɓa jera irin bidojin nan fiye da 300 a ƙasa, yadda aka riƙa kwantar da bayi a cikin jirgin ruwa, kowane bido mutum guda. Aikin, mai suna La Bouche du Roi, yana hannun babban gidan tarihin Birtaniya a Landan. A 2007 kuma Hazoumè ya karɓi kyauta a bikin fasaha na birnin Kasel a Jamus. Mu da muka taso daga bakin teku a ranar, ba sai an yi mana dogon sharhi ba: da can mutum ake lodawa, yau mutum ke loda abin da zai iya cinye shi, duk don wani ya ci riba.

Ba kome ne ya shiga ran kawu ba. Zanen Cyprien Tokoudagba na abubuwan bautar mutanen Abome, wucewa ya yi yana ta'awwizi. Amma a gaban hotunan Seydou Keïta, mai ɗaukar hoton Bamako na shekarun 1950, ya daɗe. Mata cikin ado sun kishingiɗa gaban zane mai fure, samari sun dafa rediyo ko babur na aro. Ya ce, "Haka aka ɗauki mahaifiyarka a Kano kafin aurenta. Ko ina hoton yake yanzu, oho."

Abin da ya fi tsaya mini a rai wata 'yar takarda ce da ke gefen kowane aiki: sunan mai shi, ƙasarsa, da shekarar da ya yi. A kasuwar Matameye akwai masu mayar da durum akwati, masu narka gwangwani su zuba tukunya. Ba zan ce duk wanda ya sarrafa shara ya zama Hazoumè ba, domin su amfani suke nema, shi kuwa magana yake yi. Sai dai masu magana da hannu muna da su. Duk wanda ya ratsa unguwar Birni a Damagaram ya ga zanen da magina suka yi a fuskar zaure. Bayan dawowarmu na tsaya gaban wani na tambayi wa ya yi shi, aka ba ni sunan mai gidan da na kakansa. Maginin, babu wanda ya tuna.

Hanyar da muka bi ma ta canja. A 2023 Najeriya ta cire tallafin mai, ribar ruwa-ruwa ta ragu, a shekarar kuma aka toshe gadar Gaya bayan juyin mulkin watan Yuli. Wata rana sana'ar za ta wuce, kamar yadda fatauci da jakuna zuwa Gwanja ya wuce. Mutanen Benin sun riga sun rataye tasu shaida a bango, jikokinsu za su gani. Mu kuwa mun ci da wannan bido, mun yi makoki a kansa, ba mu ajiye kome ba. Abin ba sai da benen 1922 ba. Ɗaki ɗaya a gidan matasa ya isa, da farar ƙasa a bango, da wanda zai bi gida-gida ya aro tsofaffin hotuna kafin gara ta gama da su, ya tambayi dattawa sunayen magina tun suna da rai.