Kwarin Ƙaya a Lambun Kew

Yawancin masu shiga Lambun Kew ta Ƙofar Victoria dama suke yi, su nufi katafaren ɗakin gilashin da ake renon itatuwan ƙasashen zafi. Wanda ya yi hagu kuwa, bayan 'yar tafiya kaɗan zai ga ƙasa ta fara gangarewa zuwa wani kwari da itatuwa suka kewaye, inda hayaniyar 'yan yawon buɗe ido ke raguwa. Sunan wurin Berberis Dell, wato kwarin berberis. Asalinsa ramin haƙar tsakuwa ne. Tsakanin 1869 da 1875, zamanin da Joseph Hooker ke shugabancin lambun, aka ƙara yashe shi, aka gyara gangarensa, aka mayar da shi mazaunin wasu gajerun itatuwa masu ƙaya.

Kew na kudu maso yammacin Landan, a bakin Kogin Thames. An kafa shi a 1759, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2003. Yana da abubuwan kallo da suka fi wannan kwari suna nesa ba kusa ba. Amma ni a ganina, mai son sanin abin da talakan Ingila ke shukawa a ƙofar gidansa, nan ya kamata ya tsaya.

A watan Afrilu na je, lokacin da sanyi ya fara sakin ƙasar. Manyan bishiyoyi da yawa ba su gama mayar da ganyen da hunturu ya kakkaɓe musu ba, shi ya sa itacen da ya kawo ni ya fita daban. Berberis darwinii ba ya zubar da ganye, ko da ƙanƙara ta rufe shi. Ganyensa ƙanana ne, ba su wuce faɗin farce ba, kore shar mai duhu da sheƙi, kowanne da 'yan tsinaye a baki. A gindin ganyen kuma ga ƙaya, gajera amma mai naci. Tsayin itacen yakan kai mita 3, rassansa a cunkushe, ba ka ganin abin da ke bayansa. Sai furen: tuli-tuli yake reto daga kowane reshe, launinsa tsakanin rawaya da ruwan lemo, da ɗan ja-ja a ƙwayoyin da ba su buɗe ba. Yawansa har yakan ɓoye ganyen.

Sai ka durƙusa kake ganin abin mamakin. A cikin kowane fure akwai siraran zaruruwa shida masu ɗauke da garin fure, kwance a jikin furen. Da ƙudan zuma ya zura baki ya taɓa gindin ɗaya, sai zaren ya zabura ya bugi kansa, ya shafa masa garin, shi kuma ya kai wa fure na gaba. Ko da tsinken ciyawa ka taɓa, haka zai yi. Na daɗe tsugune ina kallon ƙudajen suna shiga suna fita, kowanne kansa ya yi rawaya.

Gidansa na asali kudancin Chile ne da Ajantina, ƙasar ruwan sama da iska, inda ake kiransa michay. Charles Darwin ya tsinko samfurinsa a 1835 yayin tafiyarsa a jirgin ruwan Beagle. William Hooker, mahaifin Joseph, wanda ya riƙe Kew tun 1841, shi ya bayyana shi a rubuce ya raɗa masa sunan Darwin. Sai dai busasshen reshe a takarda ba ya zama shinge. Wanda ya kawo shi da rai a 1849 shi ne William Lobb, mafaraucin tsirrai da gidan renon shuka na Veitch da ke Exeter ya aika Kudancin Amurka. Ina ganin ba a yi wa Lobb adalci ba, domin shi ya sha wahalar dazuzzukan, amma sunansa bai hau allon da ke gindin itacen ba.

Abin da ya sa masu lambu suka rungume shi a fili yake. Ba ya zaɓen ƙasa: yumɓu, yashi, alli, duk yana ci, in dai ruwa ba ya kwanciya a gindinsa. Yana jure inuwa, yana jure iskar bakin teku. In aka jera shi kusa da kusa, cikin 'yan shekaru ya zama katanga mai rai, aikin da aguwa ke yi a gefen gonakinmu, sai dai wannan da ƙaya yake tsaron. Shi ya sa ake dasa shi ƙarƙashin taga ko jikin dangar baya, inda ɓarawo zai so haurawa. Ƙananan tsuntsaye kuma suna samun mafaka a cikinsa, inda kyanwa ba ta iya kutsawa. Askinsa sau ɗaya ne a shekara, da zarar fure ya kaɗe, kuma ba a yinsa sai da safar hannu mai kauri. Wanda ya aske shi da wuri ya yi asarar furen bana, wanda ya matsa masa da almakashi kuma ya rage 'ya'yan. In ka duba bakin reshen da aka yanke za ka ga cikinsa rawaya fatau. A Chile an daɗe ana rina ulu da saiwa da itacen danginsa.

Danginsa na nan birjik a kwarin, daga Himalaya, daga Sin, daga tsaunukan Andes. Akwai Berberis julianae na tsakiyar ƙasar Sin, wanda ya fi shi jure tsananin sanyi, ƙayarsa mai baki uku doguwa ce ƙwarai. Akwai kuma stenophylla, wanda aka samu wajen 1860 a wani gidan renon shuka kusa da Sheffield, daga haɗuwar darwinii da wani ɗan'uwansa na Chile. Rassansa lanƙwashewa suke yi su zubo ƙasa, kuma a kyan tsayuwa na fifita shi a kan uban.

Da rani furen yakan zama 'ya'ya ƙanana, shuɗi mai duhu da farin ƙura a jiki. Ana cinsu, suna da tsami da yawan ƙwallo, wasu na dafa su da sukari. Amma tsuntsaye ne manyan masu cinsu, kuma duk inda suka yi kashi sun shuka iri. A Ingila wannan bai zama babbar damuwa ba. A New Zealand kuwa, inda aka kai shi don ado, ya tsallake lambuna ya shiga daji da makiyaya, yana danne tsirran ƙasar saboda yana iya girma a inuwa. Yanzu yana cikin tsirran da doka ta hana sayarwa ko yaɗawa a can, kuma ma'aikata na bin sa da zarto da magani a tsaunukan da ke kewaye da Wellington.