Wata 18 a Ƙanƙara: yadda Gwaggona ta baro Ingila saboda marainiya ɗaya

1/ Duk wanda ya ji Gwaggona ta kwaso miji da yara daga Birmingham ta dawo Ƙanƙara da zama, tambayarsa ɗaya ce: lafiyarta ƙalau kuwa? Mutane na neman hanyar fita, ita tana shigowa. Ku zauna, zaren da ɗan tsayi.

2/ A daminar 2020 ɓarayin daji suka kashe ƙanen babana a gonarsa, a yankin Faskari. Watan Yuni ne, lokacin da aka shiga Kadisau, amma nasu ƙauyen ko a rediyo ba a ambace shi ba. Matarsa ta riga shi rasuwa. Ya bar yarinya 'yar shekara 4. A nan zan kira ta Ƙanwata.

3/ Aka kawo ta gidanmu a Ƙanƙara. Ran 11 ga Disamba aka kwashe yaran makarantar kimiyya ta garin, sama da 300. Daren nan Gwaggo ta kira ta fi sau goma. Da gari ya waye ta ce wa Baba: "Yaya, ku ba ni yarinyar nan, ba zan iya barci ba."

4/ A wurinmu magana ta ƙare ke nan. Riƙo ai ba baƙon abu ba ne. Ni kaina Baba a hannun kawunsa ya tashi, ba takarda ba shaida. A sa yarinya a mota, a yi mata addu'a, shi ke nan. To jirgi ba motar Funtua ba ce.

5/ Ingila ba ta ɗaukar riƙo a matsayin ɗa ya zama naka. Ita abin da ta sani shi ne kotu ta yanke yaro daga iyayensa ta liƙa shi da sababbi. Wannan kuwa shi ne tabanni, wanda Suratul Ahzab ta hana. Baba ya ce ko a mafarki ba za a cire sunan ƙanensa daga jikin yarinyar ba.

6/ Ana cikin haka, a Maris 2021, gwamnatin Birtaniya ta saka Najeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita ɗauko yara daga cikinsu, saboda matsalar takardun bogi da cinikin jarirai. Laifin wasu can, ya faɗo kan marainiyar Faskari.

7/ Lauyarsu ta nuna musu wata ƙofa a dokar shige da fice. Idan miji da mata suka zauna a wajen Birtaniya aƙalla wata 18, kuma 12 na ƙarshe suna tare da yaron, su ne ci da shansa da tarbiyyarsa, za su iya neman a ɗauke shi a matsayin nasu. Neman ne fa, ba alkawari ba.

8/ Suka sauka a watan Yulin 2021. Gwaggo, mijinta, da yara biyu haifaffun can: namiji ɗan shekara 9, mace 'yar 6. Ga yaran nan Ƙanƙara ita ce ƙasar waje. Satin farko ɗan ya tambaye ni ina ake zuba shara mai sake sarrafuwa. Na nuna mashi akuya.

9/ Mijin Gwaggo aikin lissafin kuɗi yake yi ta intanet, da shi suka dogara. Wata biyu da zuwansu, a Satumba, aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Aka hana fetur a jarka. Aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya.

10/ Bawan Allahn nan sai ya koma matafiyi. Ya ɗauki kwamfuta da asuba ya nufi Katsina, ya yi aikin kwana uku a yini ɗaya, ya juyo kafin la'asar don kada magariba ta same shi a hanya. Ba ya son yawan kwana a can, kada a ce ba ya zaune da yarinyar. Haka har Disamba.

11/ Mafi yawan abin da na gani, na gan shi ne a 2022, da yajin aikin ASUU ya zaunar da mu gida daga Fabrairu zuwa Oktoba. Jira ba shi da wani labari. Kunu da ƙosai, makaranta, Islamiyya, tuwo, a kulle ƙofa da wuri. Sai zazzaɓin cizon sauro da ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya.

12/ Sai jakar Gwaggo. Wata baƙar jaka da ba a taɓawa. Rasit ɗin kuɗin makaranta, katin asibiti, hoton Sallah, hoton aski, hoton kitso. Ta ba yarinya magani da dare, da safe ta rubuta kwanan wata. Abin yana min ciwo, wallahi: ƙauna ce ake yi wa fayil.

13/ Takardar mutuwar mahaifin ma sai da aka sha wuya. An binne shi ranar da aka kashe shi, cikin sauri, mutane na waige. Wa ya tuna da takarda? Sai da aka bi mai unguwa, aka nemo waɗanda suka yi masa wanka, da yawansu sun watse zuwa Funtua da Zariya, sannan aka yi rantsuwa a kotu.

14/ Amma babban cikas ba Turawa ba ne. Kakar yarinyar ta wajen uwa tana Sabuwa, kuma a mazhabar Malikiyya, idan uwa ba ta nan, kaka ta wajen uwa ce gaba wajen renon yaro, kafin dangin uba. Tsohuwar ta san haƙƙinta sarai.

15/ Sau uku Gwaggo tana zuwa Sabuwa, a hanyar da ko mu ba ma son bi. Zuwan farko Inna ko ruwa ba ta bari an yi maganar ba. Na biyu ta ce: "Hajiya, 'yata ta tafi, wannan ce kawai fuskar da ta bar min. In kin kai ta inda ba zan gan ta ba, kin binne min ita sau biyu."

16/ Wasu a gidanmu sun ce son kai ne. Ni ban gani haka ba. Dokar can tana son a nuna cewa nauyin yaron ya koma kan masu riƙo gaba ɗaya, don babu mai iya ɗaukarsa a nan. Wato sai tsohuwa ta sa hannu cewa ta gaza. Wace kaka ce za ta faɗi haka da bakinta?

17/ A zuwa na uku aka tafi da yaran duka. Ƙanwata ta faɗi ta ƙuje gwiwa, ta ruga da kuka ta wuce kakarta ta faɗa jikin Gwaggo. Inna ta yi shiru. Da za su tafi ta gindaya sharuɗɗa: sunan uba ya tsaya, Hausa kada ta ɓace, kuma a kawo ta duk bayan shekara biyu. Ta dangwala yatsa.

18/ Yanzu ɗan Birmingham yana bambance ƙarar bindiga da ta fashewar taya, abin da ban so ya iya ba. Ƙanwarsa ta fi ni Katsinanci. Ita kuma Ƙanwata tana ce wa Gwaggo Mami, amma in ka tambaye ta 'yar wace ce, sunan babanta take faɗa maka.

19/ Wata 18 sun cika a Janairun 2023, daidai lokacin wahalar sabon kuɗi. An kai takardu, an ɗauki hoton yatsu. Amsa har yau ba ta zo ba. Gwaggo ta biya wa yaran uku kuɗin zango na gaba, kuma shekaranjiya ta aika kasuwa aka sayo mata tunkiya mai ciki.