Kwanon shinkafar Japanawa da gishirin da ke ɓoye a cikinsa

Uwargida, bari in fara da tona wa kaina asiri. Yini nake a kantin magani ina miƙa wa masu hawan jini ƙwayoyinsu ina ce musu su rage gishiri, amma in na tsallake cunkoson Legas na iso gida bayan isha'i, taliyar leda nake dafa wa yara, da duk sinadarin da ke ciki. Ranar da na gwada jinina na ga ya fara hawa, na san dole a sake lale.

Abin da ya cece ni shi ne wani girkin Japanawa. Suna da jerin abinci da suke kira donburi, wato shinkafa a kwano mai zurfi da mahaɗi a samanta. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna shi ne oyakodon, ma'ana uwa da ɗa, saboda kaza da ƙwai ne. Nawa babu kaza, sai naman kaza, wato wannan tsiron mai kama da laima. Idan akwai dafaffiyar shinkafa, minti 15 ya isa.

Ki zuba rabin kofin romo a kasko. Su nasu romon, dashi, daga ganyen teku da busasshen kifi ake yin sa, don haka romon busasshen kifinmu ya wadatar. Ki yanka albasa ɗaya sirara da naman kaza cikin tafin hannu biyu, ki zuba da soya sos da ɗan sukari, su dahu minti 5. Ki kaɗa ƙwai 2 sama-sama, ki kwarara a kai, ki rufe kada ki juya. In ya kama, ki zame shi a kan shinkafa.

Abu uku na sauya. Suna sa mirin, wanda giyar shinkafa ce mai zaƙi. Sukarin nan shi ne madadinsa. Suna barin ƙwan da ruwa-ruwa. Ni ina dafa shi sosai saboda ƙwayar cutar salmonela, musamman ga yara da masu juna biyu.

Na uku shi ne gishiri. Babban cokali ɗaya na soya sos yana ɗauke da sodiyam kusan miligiram 900, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai 2,000 a yini. Shi ya sa nake sa ƙaramin cokali 2 a kwanon mutum biyu, ba na ƙara gishiri ko dunƙule. Naman kaza da kifi suna da nasu ɗanɗanon. In na gwangwani kika saya, ki ɗauraye shi, don a ruwan gishiri yake.

Sai gargaɗi: ki sayi wanda aka noma, kada ki tsinko na daji da damina. Wasu suna da dafin da ke lalata hanta, wuta ba ta kashe shi, kuma alamar sai bayan awa 6 ko fiye take fitowa.

Daren farko autana ya ce miyar ba ta ji gishiri ba. Ban ƙara ba. Yanzu shi ke fasa min ƙwan.