Who da Whom a Aji Shida

Litinin, 15 ga Janairu 2024
Hazo tun asuba. Rabin aji suka zo. Na bar gurbi a allo, na rubuta did you see at the market? Amsa baki ɗaya: who. WAEC kuwa whom take so. Na ce aikau, na ce karɓau, ido kawai suka zuba mini. Su ne 'yan aji huɗu na 2021, shekarar da aka rufe makarantun Zamfara a watan Satumba, aka katse layukan waya. Giɓin yana nan har yau.

Talata, 16
Ba laifinsu ba ne. Wa ya zo? Wa ka gani? A bakinmu wa ɗin ɗaya ne. Na ba su dabara: ka amsa tambayar a ranka. In he ya fito, who. In him, whom. Wasu sun rubuta.

Alhamis, 18
Kasuwar Shinkafi. Maza kaɗan a aji. Bita kawai.

Asabar, 20
Daren jiya ba wanda ya runtsa a unguwa. Wajen ƙarfe uku, ina zaune a zaure, sai abin ya faɗo mini. Na tambayi Malam. Na tambaye shi. Wa ka tambaya? Na sayi gero, na saye shi, abin da na saya. Ai mu ma muna nuna karɓau, a wutsiyar aikatau muke sa alamar. Bature ya sa tasa a kan kalmar tambaya. Yaron da bai taɓa cewa "na sayi shi" ba ya san karɓau tun yana goye. Allah ya kai mu Litinin.

Litinin, 22
Ba makaranta.

Laraba, 24
Da Hausa na fara. Na ce "na tambayi shi", aji ya ɗauki dariya. Na ce to wa ya koya muku kuskure ne? Shiru. Daga nan muka haye: Who came? ba did. Whom did you ask? da did. Bayan to, for, with kullum whom. Hannuwa sama har daga bencin baya. Na daɗe ban fita aji da farin ciki irin na yau ba.

Wata yarinya ta ce, "Malam, a rediyon BBC na ji an ce who did you meet." Gaskiyarta. Na ce Turawan Ingila da Amurka haka suke hira, whom ta koma ta rubutu. Amma takardar zaɓi tambaya 80 ce cikin awa ɗaya, ba ruwanta da hira, kuma babu Poli ta Ƙaura sai da kiredit a Turanci.

Alhamis, 25
The man who I think took the goat. Duk sun sa whom, har yarinyar jiya. I think ɗin ne ya ruɗe su. Na ce ku rufe shi da yatsa: he took the goat. Rabi sun gane, rabi sun gyaɗa kai ne don ni.

Juma'a, 26
Bencinta ba kowa. An ce gidansu sun tashi zuwa Zurmi, wani ya ce Gusau. An biya mata kuɗin jarrabawa kuwa? Zan tambayi shugaban makaranta.

Saura which da what. Alli ya kusa ƙarewa, sai wani ya shiga Ƙaura, in hanya ta yi kyau.