Baƙin damina a Kore Mairuwa

Duk motar da ta taso daga Yamai za ta Dogondutsi sai ta ratsa Kore Mairuwa, amma masu sauka kaɗan ne. Bana ɗalibai sunka sauka, wasu daga jami'ar Abdou Moumouni, wasu daga ta Dosso, za su koya ma yaranmu karatu kyauta cikin hutun lakwal. Da yawansu ba su san juna ba, sai ƙarƙashin dogon yaro na tasha sunka fara tambayar suna da gari.

Mu kuwa, ranar zubi munka sha gardama. Ana tsakiyar noman hatsi, wa za ta saki ɗiyarta da safe? Munka tsaida karatu bayan la'asar, in an taso daga gona. Alli da furar malamai, daga asusunmu.