Manchester, inda aka leƙa cikin ƙwayar zarra

Daga tashar Euston ta Landan zuwa Manchester tafiyar awa biyu ce da 'yan mintuna a jirgin ƙasa. Na sauka ana yayyafi, na ja hular sanyi, na kama hanya da ƙafa. Sunaye biyu ne suka kai ni, waɗanda na daɗe ina rubuta wa ɗalibaina a allo: Dalton da Rutherford.

Na fara da mutum-mutumin John Dalton da ke titin Chester. Malamin makaranta ne shi ma. Wajen 1803 ya ce kowane sinadari yana da nasa irin ƙwayoyin zarra masu nauyi na daban, kuma haɗuwarsu ce ke ba da abubuwan da muke gani. Ruwa kuwa ya ɗauka haidirojin ɗaya ne da oksijin ɗaya. Sai daga baya masana suka tabbatar haidirojin ɗin biyu ne. Ya kamata yara su san wannan kafin su haddace H2O.

Inda na fi daɗewa shi ne ginin Rutherford na Jami'ar Manchester, a titin Coupland. Tsohon gini ne na jan bulo, ɗalibai na wuce shi ba su ko ɗaga kai. A nan ne a 1909 Geiger da Marsden, masu aiki tare da Rutherford, suke shiga ɗaki mai duhu, su jira idonsu ya saba, su harba ƙwayoyin alfa kan siririn fallen zinariya, suna ƙirga ƙyallin haske ɗaya bayan ɗaya. Galibin ƙwayoyin sun ratsa sun wuce abinsu. 'Yan kaɗan ne suka dawo baya, kuma waɗannan 'yan kaɗan suka hana Rutherford sukuni. A 1911 ya ba da amsa: kusan duk nauyin zarra yana dunƙule a wata 'yar cibiya, sauran fili ne da elektiron ke kewayawa. Da zarra za ta kai girman filin ƙwallo, cibiyar ba za ta fi ƙwayar wake ba.

Niels Bohr ya zo nan a 1912, shekara guda bayan haka ya fitar da tsarin zagayen elektiron da yaranmu ke zanawa a jarrabawa. Niyutiron kuwa sai a 1932 Chadwick ya gano shi a Cambridge, don haka da safe na yanki tikitin can.